Jirgin da Yake Shan Ruwa

Ranar da na fara tura wa Hajiyarmu bidiyon, ko minti biyar ba a yi ba sai ga kiranta. Ba ta gama amsa gaisuwata ba ta ce, "Ke yanzu tsakaninki da Allah, kuɗi kuka biya aka zuba ku a cikin wannan abin?" Na ce mata kuɗi muka biya, har layi muka bi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce tana yarinya irinsa suke shiga daga Zariya zuwa Kano, kuma abin da ba ta mantawa shi ne burbushin kwal da ke faɗa wa mutum a ido, da farin mayafin kakarmu da kafin a isa Kano ya koma ruwan toka. "Mu muna murna mun rabu da shi, ku kun tsallaka teku kuna nemansa."

Da gaskiyarta. Ni ma da wani ya ce min wata rana zan ɓata hutuna ina bin tsofaffin jiragen ƙasa masu hayaƙi, da na ce ya nemi abin yi. Yarona ne ya jawo.

Shekararmu huɗu ke nan a Bradford, a arewacin Ingila, ina aikin jinya a wani asibiti. Yarana biyu ne, mace mai shekara tara da ƙaninta mai shida. Yana da shekara uku da 'yan watanni likitoci suka tabbatar mana yana da lalurar da ake kira otizim. Yana ji, yana ganewa, amma magana sai ɗaiɗai: "ruwa", "a'a", "Umma". Hayaniya kuwa kamar ana zuba masa garwashi. Kanti, gidan suna, filin wasan yara, duk mun gwada mun dawo da kuka, wani lokaci nasa, wani lokaci namu mu biyu. Sannu a hankali muka daina fita. Duk uwar da Allah ya jarraba da irin wannan ta san yadda abin yake: ba rana ɗaya kike yanke shawarar kulle ƙofa ba, sai dai ki farga wata uku ba ku je ko'ina ba. Yayarsa kuma ita ke biyan bashin da ba ita ta ci ba.

Abu ɗaya yake so, duk abin da ke juyawa. Sai ya yi rabin awa gaban injin wanki. Wata dattijuwar Baturiya da muke dutin dare tare, da na ba ta labari, ta ce in kai shi Keighley ya ga ƙafafun jirgi.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan warware abin da ya ɗaure wa Hajiya kai. Birtaniya ta daina jigilar fasinja da jirage masu tururi a manyan layukanta a 1968. Kafin nan, a 1963, wani mai suna Richard Beeching ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe tashoshi fiye da 2,000 saboda ba sa kawo riba. Sai mutanen wasu garuruwa suka ƙi yarda layinsu ya mutu. Suka haɗa kuɗi, suka sayi titin da tsofaffin kawunan jirgi, wasu ma daga wurin masu sayen gwangwan, suka gyara da hannunsu. Tun 1951 aka fara haka da layin Talyllyn a Wales, kuma yanzu irin waɗannan layukan sun haura ɗari. Akasarin masu aiki a cikinsu 'yan sa kai ne. Mutumin da ya huda mana tikiti ranar farko ya ce shi malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Jiragen ba sa wuce gudun mil 25 a awa, don haka babu mai shiga don sauri. Kallo ake zuwa yi.

Layin Keighley da kwarin Worth shi muka fara shiga, don yana bakin ƙofarmu. Mil biyar ne kacal, daga Keighley zuwa Oxenhope, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. An buɗe shi a 1867, aka rufe a 1962, 'yan sa kai suka farfaɗo da shi a 1968. In don kyan gani ne, zan faɗi gaskiya, ban ga abin a zo a gani ba da farko. Jirgin na fita ta bayan gidaje da tsofaffin masaƙu masu baƙaƙen duwatsu, sai daga baya ake samun korama da 'yan filaye da tumaki. Na zauna ina lissafin kuɗin tikiti a zuciyata.

Shi kuwa yaron tun a tasha ya ƙame. Kan jirgin na tsaye yana huci kamar saniyar da ta sha gudu, ruwa na ɗiga a ƙasansa, wani mutum fuska duk baƙi yana ɗibar kwal da shebur yana watsawa cikin wuta. Abin da na lura da shi, wanda jirgin zamani ba ya da shi, shi ne komai a fili yake. Wuta na dafa ruwan da ke cikin doguwar tukunyar, tururi ya tura sandunan ƙarfe, sandunan su juya ƙafafun. Babu abin da aka ɓoye a cikin akwati. Yaron da duniya ke zo masa a hargitse, ga abu a gabansa da yake iya bin sa da ido daga farko har ƙarshe. Ni kuma da ido irin na masu jinya, numfashinsa na tsaya saurare. In zai tashi sai ya ja a hankali da nauyi, sannan ya riƙa sauri, in ya hau tudu ki ji yana haki kamar mai ciwon ƙirji.

Usur ɗin ne kawai ya firgita shi. Na riga na zo da abin toshe kunnensa, na saka masa, ya koma kallonsa. Ranar sau uku muka je muka dawo da tikiti ɗaya na yini. Muna isowa gida ya yi barci da takalmi a ƙafa.

Daga nan sai zari ya kama ni. Na ce tunda abin ya karɓe shi, me zai sa mu tsaya a ƙaramin layi? Na shiga intanet ina neman wanda ya fi kowanne kyau.

A watan Agusta muka tafi layin North Yorkshire Moors. Wannan babba ne: mil 18 daga Pickering zuwa Grosmont, wasu jiragen kuma su zarce har garin Whitby a bakin teku, ya zama mil 24. George Stephenson ne ya tsara layin, aka buɗe shi a 1836, da dawakai ma aka fara jan taragon. Na zaɓi Agusta ne saboda a lokacin wata gajeriyar ciyawa da ta rufe tuddan yankin take fure, duk tudu ya koma shunayya kamar an shimfiɗa rini. Hotunan da na gani ke nan. Abin da hoto bai gaya min ba shi ne, jirgin ta cikin kwari yake bi. Tsawon lokaci bishiyoyi ne dama da hagu, a cikin kwazazzabon Newtondale, sai can sama ake fitowa fili a hango furen. Yana da kyau ƙwarai, ba na musu, musamman inda bangon dutse ya miƙe sama jirgin na lanƙwasa a gindinsa kina hango kansa ta taga. Amma wadda ke son ganin shunayyar nan sosai, sai ta sauka ta taka da ƙafa.

Tashar Goathland ita ce aka yi amfani da ita a fim ɗin Harry Potter na farko, don haka yarinyata har da tsalle. A ƙauyen tumaki ke yawo a kan titi babu makiyayi, abin da ya sa maigidan ya ce da a garinsu ne da tuni an yi layya da su. A Grosmont kuma akwai wani ɗan siririn rami da aka fasa a cikin tudu tun zamanin dawakan, yanzu mutane ke bi da ƙafa zuwa rumfar da ake gyaran kawunan jirgi. Daga Grosmont zuwa Goathland hawa ne mai tsanani, a nan ne za ki ji jirgin na aiki da dukkan ƙarfinsa, ƙarar na dukan ƙirji.

A wannan tafiyar na yi kuskure, kuma laifina ne ni kaɗai. Na fito daga dutin dare, na yi barcin awa uku, na ɗebi yara a mota kusan awa biyu, sannan na ce sai mun kai Whitby mun dawo. Lokacin hutun makaranta ne, tarago cike. A hanyar dawowa yaron ya kai maƙura. Ya kwanta a ƙasa yana ihu yana buga kai, babu inda zan fita da shi, jirgi na tsakiyar daji. Wata mata da ke kujerar gefe ta ce wa mijinta, da murya daidai yadda zan ji, wai wasu ba su iya tarbiyya ba. Ni da nake kwantar wa iyayen marasa lafiya hankali kullum, na rasa kalma ɗaya. Na zauna a ƙasan tarago da hijabina na rungume shi ta baya ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da na ɗaga kai sai na ga yarinyata ta juya fuska tana kallon taga, kunya ta kama ta. Wannan ya fi maganar matar yi min ciwo.

Mun yi wata biyu ba mu sake zuwa ko'ina ba.

Wales kuwa maigidan ne ya matsa, shekarar da ta biyo baya. Wannan karon mun kwana biyu a Porthmadog kafin mu shiga komai, mun je tasha da yamma yaron ya ga jirgin ya saba da shi. Layin Ffestiniog ke nan, kuma in ana maganar kallo, a nan zan ajiye alƙalamina. Ban ga na biyunsa ba.

Ɗan siriri ne, faɗin titinsa bai cika ƙafa biyu ba, taragon kamar na wasan yara. An gina shi a 1836 don sauko da wani dutse mai ɓarewa falle-falle da ake rufin gidaje da shi, irin wanda ake allon 'yan makaranta da shi a da, daga Blaenau Ffestiniog zuwa bakin teku. Yadda suka tsara shi ya burge ni: gangara ce tun daga sama har ƙasa, sai a cika tarago da dutse a sake su su gangaro da kansu, dawakai kuma su ja su fanko su mayar sama. Sai a 1863 aka kawo masu tururi. Suna da wani irin kan jirgi mai fuska biyu, bututun hayaƙi gaba da baya, kamar an haɗa biyu ta ƙeya. Yaron ya zagaya wancan gefe ya dawo wannan ya fi sau goma, yana neman inda gaban yake.

Da an tashi, jirgin na bi ta kan wata doguwar katanga da aka yi a bakin teku, kusan mil guda. Hannu ɗaya teku, ɗaya hannun fadama mai tsuntsaye, can nesa kuma ga tsaunukan Snowdon a jere. Mun yi sa'a ranar gari ya waye tas, abin da ba kullum ake samu a Wales ba. Daga nan sai hawa, mil goma sha uku da rabi. Jirgin na manne da jikin dutse, wani wurin in kin leƙa ƙasa sai cikinki ya juya, wani wurin kuma ya wuce ta bayan gidan mutane kusa har kina ganin shanyarsu. A Dduallt titin ya yi zobe ya hau ta kan kansa. Dalili kuwa, bayan an rufe layin a 1946, an yi madatsar ruwa ta lantarki da ta shanye wani sashe na tsohon titin, sai 'yan sa kai suka shafe shekaru suna fasa sabuwar hanya ta sama. Sai a 1982 jirgi ya sake isa Blaenau. Garin kansa ba kore ba ne. Tsibi-tsibin ɓaraguzan dutse ne ruwan toka sun kewaye shi kamar tsaunuka. Yarinyata ta ce wurin na da ban tsoro. Ni kuwa ya tuna min da tuddan kuza na Jos.

Ba banza ya tuna min ba. Mu ma an taɓa yi mana irin wannan siririn layin saboda ma'adini: wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, ya isa a 1914, aka rufe shi a 1957. Da na gaya wa Hajiya sai ta ce ta ji labarinsa a bakin mahaifinta. Na daɗe ina tunanin yadda hawan nan zuwa tudun Jos zai kasance ta taga, da an bar shi.

Wani abin da na gani a Porthmadog ba a jikin jirgi yake ba. Mutanen wurin yarensu suke yi, ba Turanci ba. A kanti, a tasha, uwa na yi wa ɗanta faɗa, duk da harshen Wales, allunan hanya ma harshe biyu ne. Abin ya taɓa ni saboda an sha ba ni shawara, har da 'yan uwanmu, wai in daina yi wa yaron Hausa, harshe biyu ne ke rikita shi. Mai koya masa magana ta ce min kada in daina, kuma abin da na karanta a fannin aikina bai nuna harshe biyu na hana irin waɗannan yaran magana ba. Amma uwa uwa ce, ko ta san abu a kai, zuciya sai ta yi ta raya mata wataƙila ita ce sila.

Ga mai niyyar zuwa, ko wadda ke nan ƙasar ko mai zuwa ziyara, akwai 'yan abubuwan da na koya da jikina. Hayaƙin kwal ba wasa ba ne ga yaro mai asma. Ki zaɓi taragon da ya fi nisa da kan jirgin, ki rufe taga in za a shiga rami, kuma abin shaƙarsa ya kasance a jakarki, ba a mota ba. In burbushi ya faɗa wa yaro a ido kada ya murza, a wanke da ruwa mai tsabta. Hajiya ta ce su da hura wa juna suke yi, na ce mata wannan kam a bar shi a tarihi. Ki duba jadawalin kafin ki fita, don ba kowane jirgi ne mai tururi ba, akwai masu dizal a tsakani, kuma in an daɗe ba ruwan sama wasu layukan kan ajiye masu kwal saboda tartsatsi na tayar da gobara a ciyawa. Tikiti ba arha, amma wasu wuraren na yin rangwame ga mai rakiyar yaro mai lalura, sai ki tambaya. Abinci kuwa ni da kayana nake tafiya, fulas ɗin shayi da dambun nama da cincin. A Yorkshire ko soyayyen kifi da dankali za ki saya ki tambayi man da aka soya, don da yawa da kitsen saniya suke yi.

To wanne ya fi? In kallo kike so, Ffestiniog, babu jayayya. In kina son ki ji ƙarfin babban jirgi, ki ci kifi a bakin teku, kuma yaranki sun yi wayon zama awa biyu wuri ɗaya, North Yorkshire Moors. Amma in aka ce in zaɓi ɗaya in bar sauran, ɗan ƙaramin nan na Keighley da na raina zan ɗauka. Tashoshinsa shida ne a cikin mil biyar, don haka duk 'yan mintoci akwai ƙofar fita in abu ya rikice. Wannan kaɗai ya fi min tsauni goma. A Oakworth, inda aka ɗauki fim ɗin The Railway Children a 1970, har yanzu fitilun gas ne, kuma da sanyi akan hura wutar kwal a ɗakin jira. A Haworth akwai gadar ƙafa da ake tsayawa jirgi ya wuce ta ƙarƙashi, tururi ya lulluɓe mutum. Garin Haworth ɗin kansa, na 'yan uwan nan marubuta 'yan gidan Brontë, yana kan tudu ne mai wuyar hawa, na tura keken yara sau ɗaya na tuba. Kuma saboda muna yawan zuwa, ma'aikatan sun san yaron. Akwai wani dattijo da in direba zai busa usur sai ya ɗaga masa yatsa tukuna, ya ba shi damar toshe kunne. Ban taɓa roƙonsa ba.

A can ne abin ya faru, wata Asabar cikin Oktoba, ana yayyafi. An kwance kan jirgin daga jikin taragon, aka matsar da shi gindin wani dogon famfo. Mai zuba kwal ya hau sama ya buɗe murfi, ya jawo wata ƙatuwar mesa ya saka, ruwa ya fara kwarara. Mun sha ganin haka. Ina tsaye ina duba wayata, ina amsa saƙon canjin duti, sai na ji an ja gefen hijabina.

"Umma. Yana shan ruwa."

Na ɗauka yayarsa ce. Na duba, tana can nesa da babanta. Na durƙusa na ce, "Me ka ce?" Bai kalle ni ba, idonsa na kan jirgin. Ya sake cewa, "Yana shan ruwa." Kalma uku a jere, ba maimaita maganar wani yake yi ba, kuma da Hausa. Na ce, "Eh, yana shan ruwa. Ƙishi yake ji." Muryata na rawa. Dattijon nan mai ɗaga yatsa ya matso ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa hayaƙi ne ya shiga min ido.

Ba zan ce muku jirgi ya warkar da shi ba, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ba haka abin yake ba. Shekara biyu ana aiki da shi a makaranta da wurin mai koya masa magana, kuma har gobe akwai ranakun da ba ya cewa uffan. Abin da na sani shi ne a nan ya ga abin da ya kai ya ba wani labari.

Da daddare na kira Hajiya na gaya mata. Ta yi shiru, na ji tana jan hanci, ta yi ta hamdala. Can sai ta ce, "To shi jirgin, a ina suke samo masa kwal ɗin? Namu daga Inugu ake kawowa." Na ce mata nan ma abin ya fara wuya, don mahaƙar da yawancinsu ke saye a Wales an rufe ta a 2023, yanzu sai an shigo da shi daga waje. Ta ce, "Allah ya sa kada ya ƙare musu." Sannan ta ce in ta zo bazara mai zuwa a kai ta, amma a nema mata kujera can baya, kuma ba za ta saka farin mayafi ba.